Daga Fatar Ganga Zuwa 729: Tarihin Robar Bayan Hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin ƙwallon tebur, ko a Auyo ne, ko Haɗeja, ko Kafin Hausa, ya san bat fuska biyu gare shi, ɗaya ja ɗaya baƙa. Ya kuma san fuskokin nan biyu ba gata ɗaya suke samu ba. Yaron da hannunsa ya fara faɗawa, ranar da ya tara kuɗin da zai rabu da bat ɗin mai tebur ya mallaki nasa, abin da zai fara nema shi ne roba mai kyau ta cikin hannu, wato gefen da yake kai duka da shi. Ɗaya gefen kuwa, na bayan hannu, sai abin da ya rage a aljihu. Shi ya sa tambayar da 'yan wasanmu suka fi yi wa juna ita ce: wace roba ce mai sauƙin kuɗi da za ta riƙe mani bayan hannu? Tambaya ce mai ma'ana, domin robar da zakarun duniya ke bugawa da ita, falle ɗaya tal, kuɗinta ya kai na buhun shinkafa, mu kuwa 'yan fadamar kogin Haɗeja mun san gumin da ke cikin buhun shinkafa.

Ni dai a ganina ba za a amsa wannan tambaya da kyau ba sai an koma baya. In mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni, zai ga cewa tun da aka fara wasan nan ake kokawa tsakanin hannu da kayan aiki, kuma sau da yawa in mai hali ya sayi ƙarfi da kuɗinsa, a gefen bayan hannu mara hali ke samun mafaka, da roba mai araha da 'yar dabara.

A Ingila aka haifi wasan, wajen shekarun 1880, a falon masu hali, a kan teburin cin abinci bayan an kwashe kwanuka. Bat na farko babu roba ko ɗigo a jikinsa. Fata ce ake miƙewa a kan zobe mai dogon mariƙi, kamar yadda makaɗi ke rufe ganga, har ma daga ƙarar fatar nan da ta teburin aka samo sunan Ping-Pong, wanda kamfanin Jaques na Landan ya yi wa rajista a 1901. Da a ce wasan ya tsaya a nan, da majeman Kano da dukawanta ba su bar wa kowa kasuwar ba. To amma sai aka koma katako, wasu su bar shi zalla, wasu su manna masa samfefa. Wajen 1902 ne wani Bature mai suna E. C. Goode ya manna roba mai ƙuraje a kan katakonsa. Labarin da ake bayarwa shi ne wai a kantin magani ya ga 'yar shimfiɗar roba da ake zuba wa mai saye canji a kai, ya saye ta ya yanka. In haka ne, ke nan robar farko ita ce mafi araha a duk tarihin wasan.

Abin da roba ta kawo shi ne murɗi. Katako zalla tunkuɗa ƙwallo kawai yake yi. Roba kuwa tana kama shi na ɗan ƙiftawar ido ta wulwula shi: in an shafo shi daga ƙasa zuwa sama sai ya lanƙwasa ya dira kan tebur ya yi tsalle gaba, in kuma an sare shi ta ƙasa sai ya yi nauyi, ya taɓa bat ɗin abokin karawa ya faɗa raga. Duk abin da zan faɗa daga nan labarin murɗi ne, wa zai haifar da shi, wa zai kashe shi.

A 1926 aka kafa hukumar wasan ta duniya, wato ITTF, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Landan. Shekarun da suka biyo baya na mutanen tsakiyar Turai ne, musamman 'yan Hangari, kuma sarkinsu shi ne Victor Barna, wanda ya ci kambin duniya na 'yan ɗai-ɗai har sau 5 tsakanin 1930 da 1935. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ba da cikin hannu Barna ya yi suna ba. Makaminsa bayan hannu ne, wani ɗan fizge da yake yi da wuyan hannu, ƙwallo ya wuce kafin mutum ya ɗaga ƙafa. Robar da ke bat ɗinsa kuwa ita ce dai mai ƙurajen nan, babu soso a ƙarƙashinta, iri ɗaya gaba da baya, iri ɗaya da ta ɗan koyo. A zamanin babu mai tambayar wace roba za a sa a baya, domin kusan roba ɗaya ce a duniya, bat guda kuma yakan yi wa mutum shekaru. Daga baya Barna ya zauna a Ingila ya kama aiki da kamfanin Dunlop, suka riƙa fitar da bat mai ɗauke da sunansa.

Sai dai wannan daidaito yana da nasa ciwon. Da yake robar ba ta da gudu, mai tare gida ya fi mai kai hari samun sauƙi. A gasar duniya ta 1936 a birnin Prague, Ehrlich na Folan da Paneth na Romaniya sun shafe fiye da awa biyu suna tura wa juna ƙwallo a kan maki ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gaji. Dole ta sa a 1937 aka rage tsayin raga daga inci 6.75 zuwa inci 6, wanda muke gani yau, aka kuma yanka wa wasa iyakar lokaci.

Babban juyi a Bombay ta Indiya ya faru, a 1952. Karo na farko ke nan da Japan ta halarci gasar duniya, kuma cikin tawagarta akwai wani ɗan ƙaramin mutum mai tabarau, Hiroji Satoh, wanda ko a gida ba shi ne na ɗaya ba. Ya zo da bat da aka lulluɓe da soso mai kauri. Soson yana haɗiye ƙwallo ya tofo shi da gudu, ga shi kuma ba ya ƙara ko kaɗan. Gwanayen Turai da suka saba auna ƙarfin bugu da kunne sai suka koma kamar kurame a kasuwa. Satoh ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwashe kambin. Aka shekara bakwai ana cacar baki, wasu ƙasashe suka haramta soso a gidajensu, wasu suka rungume shi, har sai da hukumar ta raba gardama a 1959. Ta hana soso tsirara, ta yarda da roba mai hawa biyu, soso a ƙasa fatar roba a sama, kaurinsu duka kada ya wuce milimita 4, mai ƙuraje marar soso kuma kada ta wuce milimita 2. Har yau kusan a nan dokar take tsaye.

Daga wannan hukunci ne fuskokin bat biyu suka raba hanya. An gane cewa in aka juya ƙurajen suka kalli soso, fuskar waje ta zama sumul, robar tana kama ƙwallo fiye da da, murɗi ya ninka. To ga mai sumul, ga mai ƙuraje, ga soso mai tauri, ga mai laushi, sai kowa ya fara tunanin me ya dace da gaba, me ya dace da baya. Mutanen Asiya ma a lokacin ba su shiga wannan lissafi ba. Yawancinsu riƙon alƙalami suke wa bat, ba riƙon musafaha irin na Turawa da namu ba, saboda haka fuska ɗaya suke bugawa da ita ta kowane ɓangare, bayan bat ɗin katako ne tsirara. Sai a shekarun 1990 irin su Liu Guoliang suka fara manna roba a bayan suna bugu da ita, daga baya Wang Hao ya mayar da abin sana'a.

Robobi biyu na Japan suka mallaki zamanin da ya biyo baya. Kamfanin Butterfly ya fitar da Sriver a 1967, Yasaka ta fitar da Mark V a 1969, kuma da Mark V ɗin nan ne Stellan Bengtsson na Suwidin ya ci kambin duniya a Nagoya a 1971 yana ɗan shekara 18. Duka biyun har yau ana sayar da su, amma yanzu su ne ake nuna wa mai koyo a ce ya fara da su. Robar da ake yi wa kallon ta masu ƙaramin ƙarfi yau, jiya ita ce a hannun zakaran duniya.

Gasar Nagoya ɗin nan ta shafe mu kai tsaye. A can ne wani ɗan wasan Amurka, Glenn Cowan, ya faɗa motar tawagar ƙasar Sin, zakaransu Zhuang Zedong ya tashi ya gaishe shi ya ba shi kyauta, abin da ya kai ga gayyatar Amurkawa zuwa Beijing a watan Afrilu, ya kuma share wa Shugaba Nixon hanyar ziyararsa ta 1972. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin tawagogin da Sinawa suka gayyata a wannan karo akwai ta Nijeriya, tare da ta Ingila da Kanada da Kwalambiya, wata biyu kacal bayan gwamnatin Janar Gowon ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing a Fabrairun 1971. A 1975 kuma Legas ce ta karɓi baƙuncin gasar zumunci ta ƙasashen Asiya da Afirka da Latin Amurka karo na biyu. Taken Sinawa a wancan zamani shi ne zumunci a gaba, gasa a baya.

Daga wannan take ne sunan robar talaka ya fito. A birnin Tianjin akwai cibiyar binciken roba da aka ɗora wa aikin samar wa ƙasar roba mai sumul ta gida, don kada su dogara da ta Japan. Suka cim ma abin da suke nema a watan 9 na shekarar 1972, shi ya sa aka kira ta 729, aka kuma laƙaba mata sunan Friendship, wato zumunci. Fuskarta danƙo gare ta, har sabuwa takan ɗauki ƙwallo daga kan tebur ta riƙe shi. A 1973 Xi Enting ya ci kambin duniya a Sarajevo da roba mai sumul, ya karya al'adar Sinawa ta dogaro da gajerun ƙuraje. Tun daga lokacin 729 ta bazu a duniya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma in ka ga yaro a garuruwanmu da roba ta gaske wadda ba ta jabu ba, da wuya ba ita ko wata 'yar'uwarta daga Sin ba ce.

A cikin wannan yanayi Nijeriya ta yi nata gwanin bayan hannu. Shekara 30 cif bayan Satoh, a birnin nan dai na Bombay, Atanda Musa ya ci gasar ƙasashe renon Ingila ta 1982, ya kuma wakilci ƙasar nan a Olamfik ta 1988 da ta 1992. Waɗanda suka ga wasansa bayan hannunsa suke fara ambata. Shi da yawancin waɗanda suka biyo shi, irin su Segun Toriola da Funke Oshonaike da kowannensu ya je Olamfik sau 7, daga Legas da ƙasar Yarabawa suka taso. Ban yarda cewa jini ne ba. Wani attajirin Legas, Cif Molade Okoya-Thomas, ya ɗauki nauyin gasar kofin Asoju Oba duk shekara tun 1968 har ya rasu a 2015. Yaron da ya san akwai kofi a ƙarshen shekara, kuma akwai mai kallonsa, zai nemi roba ko ta halin ƙaƙa. Mu a nan tebura muna da su, yara masu hannu muna da su, irin wannan attajiri ne ya yi mana ƙaranci.

Mu koma kan ja da baƙi. Da murɗi ya yi ƙarfi a shekarun 1970, waɗanda ba su da ƙafa ko damtsen da za su yi gogayya sai suka nemi maganinsa, kuma a bayan bat suka ɓoye maganin. Iri biyu ne. Akwai roba mai sumul amma mai santsi da mataccen soso, wadda murɗi ba ya kama ta. Akwai kuma mai dogayen ƙuraje, waɗanda ke lanƙwashewa in ƙwallo ya taɓa su, sai su mayar wa mutum murɗinsa a juye: ka aika da mai tsalle gaba, ya dawo maka da nauyi, ka tura shi raga da hannunka kana mamaki. A lokacin babu dokar launi. Sai mutum ya manna mai kamu a gefe ɗaya, mai santsi a ɗaya gefen, duka baƙaƙe, ya riƙa juya bat a ƙarƙashin tebur. Abokin karawa ba shi da abin dogaro sai ƙarar bugu, ita ma wasu suka riƙa buga ƙafa a ƙasa lokacin sabis don su rufe ta.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan a Turai shi ne John Hilton, ɗan Ingila da ya haura shekara 30, wanda babu mai lissafi da shi. A gasar Turai ta 1980 a birnin Bern ya rikita manyan gwanaye da juye-juyen bat har ya ɗauki kambin. Sinawa ma suna da nasu, irin su Cai Zhenhua. Hukuma ta ga abin ya koma rufa-ido, sai ta ce daga 1984 dole fuskokin biyu su bambanta a launi, daga 1986 kuma ta taƙaita abin ga ja da baƙi. Ke nan jan da baƙin da yaranmu ke gardama a kai, wai wannan ya fi wancan gudu, ba ado ba ne kuma ba alamar gudu ba ce, shinge ne da aka kafa saboda robar bayan hannu. Sai a watan Oktoban 2021 aka sassauta, aka yarda gefe ɗaya ya zama shuɗi ko kore ko wasu launuka biyu, muddin ɗayan baƙi ne.

Dokar launi ba ta kashe ƙuraje ba. Deng Yaping, wadda tsawonta bai wuce mita ɗaya da rabi ba har aka taɓa ƙin ɗaukarta saboda gajarta, dogayen ƙuraje ne a bayan bat ɗinta lokacin da ta kwashi zinare 4 a Olamfik ta 1992 da ta 1996. Manika Batra ta Indiya da su ta ci gasar ƙasashe renon Ingila a 2018. Mima Ito ta Japan kuwa gajerun ƙuraje take sawa a baya, da su ta ci zinaren 'yan bibbiyu na mace da namiji a Tokyo a 2021. Ga mai lissafin aljihu wannan ba ƙaramin labari ba ne, domin roba mai ƙuraje tana cikin mafi araha, kuma tana cikin mafi daɗewa.

Akwai wani babi da in Bahaushe ya ji sai ya yi murmushi. A shekarun 1970 wani ɗan Hangari, Tibor Klampar, ya manna robarsa da gam ɗin facin tayar keke, wato abin nan da muke kira sholisho. Ya lura bat ɗin ya ƙara gudu da murɗi, har ƙararsa ta canza. Dalili shi ne tururin gam ɗin yana shiga soso ya kumbura shi, fatar sama ta miƙe ta yi tsam kamar an ɗaure kalangu. Tasirin ba ya wuce 'yan sa'o'i, don haka sai ya zama kafin kowane wasa a ɓare roba a sake shafa mata gam. Kusan shekara 30 manyan 'yan wasan duniya na zaune a lungunan filin wasa suna shaƙar wannan tururi. Mu da muka ga abin da sholisho ya yi wa matasa a tashoshin mota ba sai an yi mana dogon bayani ba. Saboda lafiyar 'yan wasa hukuma ta haramta irin wannan gam daga 1 ga Satumban 2008, bayan Olamfik ta Beijing, aka koma gam mai ruwa.

To, a nan ne tsada ta shigo da ƙafar dama. Gudun da a da gwangwanin gam ke ba mai roba mai araha, yanzu sai an saye shi a cikin robar kanta. A watan Afrilun 2008 ɗin Butterfly ta fitar da Tenergy 05, mai soson da aka gina wa tsalle tun daga masana'anta, masana'antun Jamus su ma suka yi ta fitar da nasu. Ga shi tun a 2000 an ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, a 2014 kuma aka koma ƙwallon filastik, kowane canji yana rage murɗi, yana tura mutane neman roba mai ƙarfi. Falle ɗaya na Tenergy yakan kama dala 60 zuwa 80, kuma ƙwararru ba sa wuce 'yan makonni da shi. Kafin tsarin SAP na 1986 naira da dala kunnen doki suke. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Abin takaicin shi ne ba roba muka rasa ba. Ana tatsar itacen roba a Edo da Delta da Kuros Riba, akwai cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da Benin, har tana da reshen binciken ƙaro a Gashuwa, can ƙasa da mu a kan hanyar ruwan nan. Ko a ƙasar Hausa an yi zamanin da ake tatsar danƙon gamji ana fitar da shi waje da sunan jar robar Kano. Amma Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yi a Ikeja a 2008. Ƙasar da ta kasa riƙe taya, ina za ta yi robar bat?

A daidai lokacin da roba ke tsada, bayan hannu ya tashi daga garkuwa ya koma mashi. Wani ɗan ƙasar Cek, Petr Korbel, ya yi suna da wani bugu da ake yi a kan tebur, a ɗaga gwiwar hannu a lanƙwasa wuyansa a murɗo gajeren sabis ya tafi a karkace kamar ayaba. Zhang Jike ya goge wannan bugu ya kwashe gasar duniya da kofin duniya da Olamfik tsakanin 2011 da 2012. Abin dariya, a wancan lokaci manyan Sinawa robar gida mai danƙo suke sawa a cikin hannu, su sa mai tsadar Japan a baya, wato akasin abin da yaranmu ke yi. Namu Aruna Quadri, wanda ya faro daga teburan titi a garin Oyo, da ƙarfin cikin hannu da gudun ƙafa ya doke Timo Boll na Jamus a Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, ya kuma shiga goman farko na duniya a 2022. Amma duk mai bin wasanninsa ya san inda manyan abokan karawa ke danna masa ƙwallo in suna son maki: gefen bayan hannu.

Saboda haka ban goyi bayan a mayar da bayan bat juji ba, a manna masa duk tsohuwar robar da aka ɓare daga gaba. Haka kuma ban ga dalilin da yaro zai ci bashi don Tenergy ba. Bugun bayan hannu gajere ne, gwiwa da wuyan hannu ke yinsa, ba ƙugu da kafaɗa ba, don haka soso mai laushi ko matsakaici ya fi dacewa, wanda ƙaramin ƙarfi zai iya nutsa ƙwallo a cikinsa. Kaurin milimita 1.8 zuwa 2 ya wadatar. Roba mai tsananin tsalle ma cutar da mai koyo take yi, domin yadda take bayar da murɗi haka take karɓarsa, sabis ya taɓa ta ya yi waje. A cikin masu araha na Sin akwai 729 Super FX, da Mercury 2 ta kamfanin Yinhe, da AK47 ta Palio, kuɗin Tenergy guda zai saye su duka ukun a dawo da canji. Wanda ya ɗan fi ƙarfi ya nemi Mark V. A kuma kula, lambar tauri da Sinawa ke rubutawa ba ma'auni ɗaya ba ce da ta Turawa, abin da Basine ya kira 39 Bajamushe zai kira shi wajen 50. Dogayen ƙuraje kuwa ni dai ba zan ba yaro ɗan shekara 12 ba. Zai riƙa cin tsararsa a unguwa, amma sai ya girma bai koyi murɗa ƙwallo da bayan hannu ba. Dattijon da gwiwa ta fara ciwo, shi ya dace da su.

Sannan akwai abin da babu wanda zai rubuta a bayan kwalin roba daga Tokyo ko Tianjin, wato yanayin ƙasarmu. Yawancin teburanmu a waje suke. Da hunturu ƙurar da ke sauka cikin minti goma ta isa ta rufe fuskar roba mai danƙo, ta koma kamar gilashi. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bat ɗin da aka bari a rana ko a but ɗin mashin robarsa bushewa take ta tsattsage. Da damina kuma, musamman irin shekarun da kogi ya tumbatsa ya shiga gonaki kamar 2020 da 2022, laima kan kwanta a fuskar roba, ƙwallo ya zame ya faɗi a gabanka kamar an yi masa asiri. Babu ruwan ƙura da laima da kuɗin da ka biya, mai tsada da mai araha tare suke mutuwa. Wanda ya sayi ta naira kaɗan ya canza sau biyu a shekara ya fi wanda ya sayi mai tsada ya riƙe gawarta shekara uku. Gajerun ƙuraje irin 802 na 729 su ne suka fi jure duk wannan, tun da ba da kamun fuska suke aiki ba.

Roba ta gaske tana ɗauke da tambarin ITTF da sunanta a gindinta, kusa da mariƙi, hukumar kuma tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su, ana iya dubawa a intanet. Sai dai masu jabu su ma sun iya buga tambari, don haka in an miƙo maka bat cikakke mai sunan babban kamfani a kan kuɗin ƙosai, ka ajiye shi. Bayan kowane wasa a goge fuskar da ɗan ruwa da tsumma mai laushi, a bari ta sha iska, a rufe ta da farar leda kafin a sa a jaka. In ta ɓare a gefe kada a kai wa mai faci, ko da yake shi ne ya fi kusa kuma gam ɗinsa na da tarihi a wasan. Ranar da yaro ya je gasar da ake gwada bat, na'urar alƙalai za ta ji warin sholisho, a hana shi bugawa da wannan bat ɗin.